Yadda ake tsare karen farauta daga bakin kada a lokacin harbin agwagi a Amurka

Asubahin Satumba a fadamun jihar Luwiziyana da ke kudancin Amurka babu sanyi ko kaɗan. Sauro na kuka a kunne, gumi na bin wuyan maharbi tun rana ba ta fito ba, ruwan kuma da ɗuminsa. A wannan watan ake buɗe harbin wata 'yar ƙaramar agwagwar daji da suke kira til, mai shuɗi a fuka-fukanta, wadda take riga sauran agwagi baro arewa. Maharbi ya harba, tsuntsuwa ta faɗa can tsakiyar ruwa, ya kira sunan karensa, kare ya daka tsalle ya yi iyo ya ɗauko. Aikin karen ke nan, don shi aka horar da shi tun yana kwikwiyo. Sai dai ruwan da ake tura shi yana da mai shi.

Mai ruwan shi ne kadan Amurka, wanda can ake kira aligeto. Ɗan'uwan kadan da muka sani ne, amma bakinsa ya fi faɗi da zagaye, jikinsa ya fi duhu, kuma in ya rufe baki haƙoransa na ƙasa ba sa fitowa waje. Ana samunsa tun daga jihar Karolina ta Arewa har gabashin jihar Teksas. An taɓa farautarsa har ya kusa ƙarewa, aka sa shi cikin dabbobin da doka ta kare a 1967, zuwa 1987 aka ce ya farfaɗo. Ya kuwa farfaɗo sosai: hukumomin jihar Fulorida na ƙiyasta suna da kamar miliyan 1.3, na Luwiziyana kuma sama da miliyan 2 a daji. Mace da wuya ta wuce mita 3, namiji yana iya haura mita 4. Karen farauta nau'in Labrado mai kilo 30 yana iyo, kai a sama, ƙafafu na fantsama ruwa, a idon kada ba shi da bambanci da barewa ko aladen dajin da ya saba kamawa.

Abin da ya kamata mai kare ya fara ganewa shi ne, kare ba ya ƙin aike. An koya masa ya tafi in an ce tafi, kuma zai tafi ko da mutuwa ce ke jiransa. Saboda haka duk tsaron da za a yi, kafin ƙafarsa ta taɓa ruwa ake yin sa.

Da farko, auna ruwan, kar ka dogara da kalanda

Jikin kada ba ya samar wa kansa ɗumi, yanayi ne ke tafiyar da shi. Ya fi kuzari tsakanin digiri 28 zuwa 33 a ma'aunin Salsiyos. In zafi ya sauka ƙasa da digiri 21 yakan daina neman abinci, don cikinsa ba ya iya narkar da shi. Ƙasa da digiri 13 kuwa sai ya lafe, ya shige kogon da ya haƙa a gaɓa ko ya kwanta a ƙasan ruwa. Da waɗannan alƙaluman za ka yi aiki.

Sayi ƙaramin ma'aunin zafi irin na masu kamun kifi, ka ɗaura masa zare. Duk ranar da za ka fita, jefa shi cikin ruwan da karen zai shiga, ka bar shi ya ɗan nutse, ka karanta. Ruwa ake aunawa, ba iska ba. Iskar asuba tana iya yin sanyi har ka nemi rigar sanyi alhali ruwan yana riƙe da zafin makon jiya. A Satumba ruwan gaɓar tekun kudu yana can sama da digiri 21, watau kadoji na ci, suna ma ƙara ƙiba kafin hunturu.

Ni a ganina digiri 21 ba layin aminci ba ne, layin da haɗari ya fara raguwa ne kawai. Kadan da ba ya jin yunwa yana iya kai cafka in abu ya biyo ta kan hancinsa. In ni ne, sai ruwa ya sauka wajen digiri 15 ya kuma zauna a nan kwanaki a jere kafin in saki jiki. A nan ma akwai tarko. Babbar kakar agwagi tana kamawa ne daga Nuwamba zuwa ƙarshen Janairu, kuma hunturun waɗannan jihohi ba ya da alƙawari. Sai a yi mako ana ɗari, sannan a samu kwana uku na rana mai zafi a tsakiyar Disamba, kadoji su fito shan hantsi a gaɓa. A kudancin Fulorida, wajen tafkin Okicobi da abin da ya yi kudu da shi, wata shekarar ruwan ba ya yin sanyin da zai kwantar da su gaba ɗaya. Shi ya sa maharba da yawa a can ba sa fita da kare sam.

Na biyu, yarda cewa wata ranar kare gida zai kwana

Wannan shi ne matakin da ya fi wa masu karnuka ciwo. Mutum ya shafe wata takwas yana jiran kaka, ya kashe kuɗi wajen horo, karen na ganin an ɗauko bindiga ya hau rawar jiki a bakin ƙofa. Kakar til ɗin kuma gajera ce, kwana 9 ko 16 gwargwadon yadda hukuma ta tsara a shekarar. Amma da muguwar rawa gara ƙin tashi. In wurin da za ka fadama ce mai zurfi, ruwan da ɗumi, bar shi a gida ka ɗauko tsuntsayenka da kanka.

Akwai wani dalilin da ya ƙara wa Satumba muni. Macen kada tana tara ciyawa da laka ta yi sheƙa a ƙarshen Yuni ko farkon Yuli, ta zuba ƙwai talatin da wani abu zuwa arba'in da wani abu, su ƙyanƙyashe bayan kwana sittin da 'yan kai. Ƙyanƙyasar na faɗawa daga tsakiyar Agusta zuwa farkon Satumba, daidai lokacin da ake shirin buɗe harbi. Uwar ba ta nisa da 'ya'yanta. In ka ga ƙananan kadoji masu ratsin rawaya, tsawonsu bai fi tafin hannu da ɗan ƙari ba, ko ka ji wani siririn kuka daga cikin ciyawa, janye karenka ka bar wurin. Kare mai son shinshine-shinshine shi zai fara kai hancinsa.

Na uku, zaɓi ruwan da kake ganin ƙasansa

Ba duk ruwa ne haɗarinsu ɗaya ba. Gonakin shinkafar da ake cika wa ruwa a kudu maso yammacin Luwiziyana da filayen Teksas, inda ruwa bai wuce idon sawu ko ƙwauri ba, sun fi ko'ina sauƙi. Babban kada ba ya samun inda zai ɓuya a ruwa mai zurfin taƙi ɗaya, kuma kare a nan gudu yake yi, ba iyo ba. Sai dai ana zaton wuta a maƙera ta tashi a masaƙa: kowace gonar shinkafa tana da magudanar da ke kawo mata ruwa da wadda ke kwashewa, masu zurfi, gaɓarsu cike da ciyawa. A nan kadan yake. Agwagwar da ta faɗa cikin magudana ko ƙetarenta, ba ta kare ba ce.

Wuraren da za ka fi yi wa kallon tsoro su ne ruwa mai duhu da ke kwance, bakin mashigi inda ƙaramin rafi ke haɗuwa da babba, gefen kacalla, da inda kainuwa ko bado suka rufe fuskar ruwa. Ruwan gishiri na bakin teku yana rage yawansu, don jikinsu ba ya jure gishiri na dogon lokaci, amma ba ya hana su ratsawa. Kuma kar ka ce wai bara ka yi farauta a wannan kududdufin ba ka ga komai ba. Kada na tafiya a ƙasa cikin dare ya sauya mazauni, musamman bayan ambaliya ko guguwa. Sabo turken wawa ne.

Je ka duba wurin da rana tun kafin ranar harbi. Nemi inda ciyawar gaɓa ta kwanta ta yi santsi kamar an ja buhu zuwa ruwa, nan ne yake sulalewa. Nemi sawun ƙafa da layin jela a tsakaninsu, da tulin ruɓaɓɓiyar ciyawa mai kama da juji. Tambayi mai gonar ko jami'in gandun, su ne suka san inda babban yake kwana.

Na huɗu, haska kafin ka sauke kaya

A yawancin wurare doka ta yarda a fara harbi rabin sa'a kafin fitowar rana, don haka cikin duhu ake isa, a daidai lokacin da kada ya fi farauta. Riƙe tocila mai ƙarfi kusa da idonka, ko ka ɗaura ta goshi, ka bi fuskar ruwa a hankali daga wannan gefe zuwa wancan. Idon kada na mayar da haske ja kamar garwashi. In hasken yana nesa da idonka, a hannu can ƙasa, kana iya wuce shi ba ka gani ba.

Masu aikin kada suna da hanyar ƙiyasta girmansa daga kai kawai: tazarar da ke tsakanin ido da hanci in an auna da inci, kusan ita ce tsawon jikinsa da ƙafa. Inci 8, kada mai tsawon ƙafa 8 ke nan. Mai tsawon ƙafa 3 ko 4 zai fi son gudu daga babban kare, ko da yake yana iya yi masa rauni. Daga ƙafa 6 zuwa sama, magana ta ƙare. Ka tuna kuma girman karenka. Ɗan Boikin, karen da jihar Karolina ta Kudu ke alfahari da shi, bai kai kilo 20 ba, kadan da zai yi shakkar Labrado ba zai yi shakkarsa ba.

Rashin ganin jan ido ba shaida ba ce. Kada na iya nutsewa ya daɗe bai ɗago ba. Ganin ido yana gaya maka akwai, rashin gani ba ya gaya maka babu.

Duk wannan lokacin karen na cikin mota ko cikin kwalekwale a ɗaure. Kar ka sake shi ya yi ta zagaye a gaɓa yayin da kake jera agwagin robar da ake yaudarar na daji da su. A bakin ruwa kada ya fi ƙwarewa wajen cafka, kare mai shan ruwa da kai a sunkuye kuwa shi ne abin da ya fi sauƙin kamu. Zo masa da ruwan sha daga gida, hakan ma zai tsare shi daga gansakukar nan mai guba da ke tasowa a ruwan da ya kwanta lokacin zafi.

Na biyar, horon da ke ceton rai

Abu biyu ake nema, in babu su kar a kai kare ƙasar kada. Na farko, ya zauna daram in an yi harbi, ba ya motsi sai an aike shi. Karen da ke zabura da jin ƙarar bindiga ya riga ya ƙwace maka ikon yanke hukunci, kafin ka duba ruwa yana tsakiyarsa. In naka bai gama koyon wannan ba, ɗaure shi da gajeriyar igiya mai saurin kwancewa a jikin maɓoyar da kake fakewa ka yi harbi. A cikin kwalekwale kuwa igiyar ta gajarta yadda ba zai iya tsallake gefe ya rataye ba.

Na biyu ya fi wuya: ya juyo in an kira shi, ko da agwagwar na gaban hancinsa. Masu horo suna amfani da usur, busa ɗaya ya tsaya ya dube ka, busa a jejjere ya dawo. Ana koyar da wannan a busasshiyar ƙasa tukuna. Jefa masa abin ɗauko, ka aike shi, yana tsakiyar hanya ka busa ya tsaya, ka kira shi ya dawo, ka yaba masa, sannan ka sake aikensa. Kar ka yawaita har ya soma shakkar tafiya, sau ɗaya cikin aike da dama ya isa. In ya ƙware a tudu, sai a koma ruwan da aka tabbatar babu komai cikinsa. Wasu na ƙarawa da kwalar lantarki da ake ɗaura wa kare a wuya don ƙarfafa kiran. Tana aiki, amma ga karen da aka riga aka saba masa da ita. Ranar haɗari ba ranar gwaji ba ce, karen da ya ruɗe yana iya tsayawa yana juyi a wuri ɗaya.

Na shida, kowace agwagwa da hukuncinta

Zaunar da karen a sama, kan dandamali ko cikin jirgi, ba cikin ruwa ba, kuma can baya da bakin ruwa. Jera agwagin robar kusa, yadda abin da aka harbo zai faɗo a gabanka. Kar ka harbi tsuntsun da ke nesa, wanda zai tafi da rauni ya faɗa bayan ciyawa.

In ta faɗo, dakata. Dubi ruwan da ke tsakaninka da ita da kuma bayanta. Tabarau mai kashe ƙyallin ruwa yana taimakawa in rana ta ɗaga. Abin da kake nema ɗan tudu uku ne a fuskar ruwa, hanci da idanu biyu, ko wata siririyar igiyar ruwa mai tafiya ba tare da iska ba. Agwagwar da ba ta mutu ba tana fuffuka, wannan kiran abinci ne, ƙara mata harbi kafin ka yi tunanin aike. Maharban yankin na yawan faɗin cewa a wuraren da ake harbi kullum kadoji sun koyi biyo ƙarar bindiga, kuma ba baƙon abu ba ne mutum na kallo a haɗiye masa tsuntsu. In hakan ta faru sau ɗaya, aikin kare ya ƙare a ranar.

In ka aike shi, wani ya ajiye bindiga ya zuba wa ruwa ido har ya dawo. Aike ya zama gajere, a fili, inda idonka ke kansa tun tafiya har dawowa. Falmaran ɗin roba da ake sa wa karnuka maganin sanyi ne da kaifin itace, ba ya tare haƙorin kada, a zafin Satumba ma sai ya jawo wa kare galabaita.

Dokar Amurka ta wajabta wa maharbi ya yi iya ƙoƙarinsa ya ɗauko abin da ya harba, amma ba ta ce sai da kare ba. Ƙaramin kwalekwale da raga mai doguwar ƙota sun isa. Wasu na zuwa da sandar fatsa mai ƙugiya uku, su jefa bayan agwagwar su jawo ta. Wanda ya iya jifa yana kwashe tsuntsayensa yana zaune.

Abin da wasu suka bari a ruwa

A Luwiziyana ana buɗe farautar kadan kansa a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, gwargwadon shiyya. Yadda suke yi, sai su rataya babbar ƙugiya da ruɓaɓɓen nama a jikin sanda, tana reto a saman ruwa. Warin da ke jawo kada yana jawo kare. In ka ga sanda a gaɓa da igiya na lilo, ka san abu biyu: akwai ƙugiya, akwai kuma kadan da ya isa a ɗana masa ita, wataƙila ma yana maƙale a ƙasa a fusace.

Haka mashigar jiragen ruwa, inda masunta ke zubar da kayan cikin kifi. Kadan da ya saba samun abinci a hannun mutane ya daina tsoronsu, shi ya sa Fulorida da Teksas suka haramta ciyar da su. A irin wurin nan kare daga mota sai jirgi, a igiya. Kai ma kar ka fige agwagi ka watsa hanji a inda za ka dawo gobe.

In ka hango kada alhali kare na cikin ruwa

Busa kiran dawowa nan take, ka ci gaba da busawa. In kana da jirgi, tura shi tsakanin su biyun, kana dukan ruwa da filafili, kana ihu. Kada yakan nutse ya ja baya in abu babba ya nufo shi. Da karen ya iso, kama kwalarsa ka jawo shi ciki, kar ka tsaya kana karɓar agwagwa daga bakinsa a gefen jirgi.

Bindiga ba ita ce mafita ba kamar yadda ake zato. Harsashin agwagwa ƙananan ƙwayoyi ne masu bazuwa, suna tsalle a kan ruwa, kuma ba sa ratsa ƙoƙon kan babban kada daga nesa. Karenka za ka fi samu. Ga kuma doka: kashe kada ba da izini ba babban laifi ne a Fulorida, sauran jihohin ma suna hukunta shi.

In ya riga ya kama, gaskiya mai ɗaci ce. Babban kada na riƙewa ya nutse, ko ya yi ta mirginawa. A 2020 wani hoton bidiyo ya zagaya duniya, wani dattijo a Fulorida ya faɗa kududdufi ya ɓare bakin kada da hannu ya ceci kwikwiyonsa. Mutane sun yaba, amma duk wanda ya kalla da kyau zai ga kadan ƙarami ne, kuma duk da haka dattijon ya fito da raunuka a hannu. Kar ka shiga ruwa mai zurfi bayan kada mai tsawon ƙafa 8, balle kana sanye da dogon wandon roba da zai cika da ruwa. Daga cikin jirgi ko daga tudu, doki hancinsa da idanunsa da filafili ko sanda, wani lokacin yakan saki don ya gyara riƙo. Kar ka ja karen da ƙarfi alhali yana bakinsa, jan ne ke yaga nama.

In Allah ya sa ya kuɓuta, danne inda jini ke fita da tsumma mai tsabta, ka ɗaure. Kare mai jin zafi yana cizon ubangidansa, don haka ɗaure masa baki da ƙyalle in numfashinsa lafiya lau ne. Wanke raunin da ruwan shan da ka zo da shi, ba ruwan fadamar ba, ka lulluɓe shi, ka kama hanyar likitan dabbobi ko da ƙananan huji kawai ka gani. Ƙarfin muƙamuƙin yana murƙushe nama da ƙashi a ƙarƙashin fata, haƙoran kuma na cusa ƙwayoyin cuta irin su Eromonas, masu ruɓar da rauni cikin sauri. Lambar asibitin dabbobi mafi kusa da ke buɗe da asuba, tun a gida ake ajiye ta a waya, tare da sanin hanyar zuwa. Bayan an gama da kare, sanar da hukumar kula da namun dajin jihar. A Fulorida akwai shiri na musamman da ke tura masu izini su cire kadan da ya kai ƙafa 4 in ya zama barazana ga mutane ko dabbobinsu.

Mafarautanmu na gida da ke bi da karnuka ta bakin gulbi su ɗauki abin da ya shafi gaɓa, duhu da hasken tocila, amma su bar alƙaluman sanyin nan inda suke. Na aligeto ne. Kadan kogunan Afirka wata dabba ce daban, kuma hunturunmu ba abin da za a jingina ran kare da shi ba ne.